Darasin Baƙaƙe: Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

   Wanda ke da allo ko kaye ya jawo shi kusa, ya riƙe alli ko alƙalami, domin darasin yau na kunne ne da na hannu.

Yau za mu yi magana a kan baƙaƙe. Abu ɗaya muke so ku riƙe, ko da kun manta sauran. Harafi ba shi da muryar kansa. Masu kowane harshe su ne suka ba shi muryar da ta dace da bakinsu. Saboda haka baƙin da ka sani a littafin Hausa, in ka gamu da shi a takardar Faransanci ko ta Ingilishi, kamarsa ba ta sake ba, amma sau da yawa muryarsa ta sake. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Me ya sa wannan ya dame mu? Mutumin Tabla yana zaune a bakin hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Filinge. Rubutu iri uku ke wucewa ta gabansa. Allon bakin hanya, da katin shaida, da takardar haihuwa, da takardar likita, da Faransanci aka rubuta yawancinsu. Kwalin magani da gwangwanin madara da suka fito daga Najeriya ko Gana, waɗanda kuke gani a kasuwar Balleyara ranar Lahadi, da Ingilishi aka rubuta su. Littafin ajinmu kuwa, da saƙon da ɗanka ke aiko maka ta salula, da Hausa ne. A watan Maris na shekarar 2025 babbar dokar ƙasa ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. To, kun ga dukansu uku muna tare da su, kuma da baƙaƙe iri ɗaya ake rubuta su.

MENE NE BAƘI?

Wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu da farfaru. Da babbaƙu yaro ke farawa, watau sanin baƙaƙe su kaɗai. Bayan nan ya shiga farfaru, ya koyi sa musu wasali. A Alƙur'anin da malamanmu ke rubutawa da hannu, da baƙar tawada ake yin baƙaƙe, wasula kuwa da ja.

A boko ma haka abin yake, baƙi da wasali. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. In za ka faɗe su, iska na fita daga bakinka ba abin da ya tare ta. Baƙi kuwa sai wani abu ya tare iskar, ko ya matse ta. Ku ce ba. Leɓɓa ne suka haɗu. Ku ce ta. Kan harshe ne ya taɓa bayan haƙora. Ku ce ka. Gindin harshe ne ya tashi ya taɓa sama. Kun ji, kowane baƙi da wurin da ake yin sa a cikin baki.

Waɗannan haruffa na boko ba don Hausa aka ƙirƙiro su ba, ba kuma don Faransanci ko Ingilishi ba. Wajen shekara 3000 da suka wuce, mutanen Finikiya, a bakin tekun ƙasar da ake kira Labanan yau, suna rubutu da haruffa 22, dukansu baƙaƙe. Girkawa suka ara, suka ƙara wasula. Daga nan suka isa hannun Rumawa, suka daidaita su da harshensu na Latin. Daga Rumawa Faransawa da Ingilishi suka gada, mu kuma muka samu daga gare su. Rigar aro ce ke nan. Kowa ya ara sai ya rage nan, ya ƙara can, har ta zauna masa. Shi ya sa ɗinkin kowa dabam.

BAƘIN DA YA FI RUƊI

Ku rubuta c a allonku. A Hausa muryarsa ɗaya ce tak: ci, ciki, cuku, cokali, mace. Duk inda ka gan shi haka za ka faɗa.

A Faransanci da Ingilishi ba ya yin wannan murya shi kaɗai. In a, ko o, ko u ya biyo bayansa, sai a faɗe shi kamar k. Kalmar Faransanci camion, watau babbar mota, kamiyo ake cewa. Kalmar Ingilishi cup, watau kofi, da muryar k take farawa. In kuwa e ko i ya biyo baya, sai ya koma s. Ku duba buhun siminti. Bafaranshe ya rubuta ciment, Ba'ingilishe ya rubuta cement, dukansu da s suke fara faɗi. Wani lokaci Faransawa kan sa masa ƴar wutsiya a ƙasa, haka ç, don a san s ne, kamar a kalmar reçu, takardar shaidar biyan kuɗi.

To, in suna son muryar c tamu fa, yaya suke yi? Ba'ingilishe yakan haɗa c da h. Shi ya sa garin Bauci na Najeriya ake rubuta shi Bauchi. Amma a wurin Bafaranshe, c da h muryar sh suke bayarwa. Shi ya sa Shikal ta ƙasar Kurfai kuke ganin ta Chical a allon hanya. In Bafaranshe na son c ɗinmu sai ya tara baƙi uku, t da c da h. Cuku na Tukunus, wanda muke rubutawa da harafi huɗu, shi tchoukou yake rubutawa, harafi takwas.

Ga shi a taƙaice. Muryar farkon cuku: Hausa c, Ingilishi ch, Faransanci tch. Muryar farkon shanu: Hausa sh, Ingilishi sh, Faransanci ch. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya rage rabin wahalar karatun allon hanya.

SUNAYENMU A TAKARDUN HUKUMA

Yawancin sunayenmu da sunayen garuruwanmu, da ƙa'idar Faransanci aka fara sa su a takardun hukuma tun zamanin mulkin mallaka. Ga mabuɗai kaɗan.

In ka ga dj, to j ne namu. Djibo shi ne Jibo. Dalili shi ne j na Faransanci ya fi na Hausar Kano laushi, ko da yake wasunmu a nan yamma mukan faɗi namu kusa da nasu.

In ka ga ou gaban wani wasali, to w ne. Tahoua ita ce Tawa, Madaoua ita ce Madawa.

In ka ga gu gaban e ko i, to g ne kurum, ba a faɗin u ɗin. An sa shi ne don kada g ya koma j. Shi ya sa Filinge ta zama Filingué.

In ka ga ss, to s ɗaya ne. A Faransanci, s guda tsakanin wasula biyu z ake faɗinsa. Don kada a ce Muza sai suka rubuta Moussa. Haka Issoufou, Isufu ne. Tessaoua, Tasawa ce. Dosso, Doso ce.

A nan ku buɗe ido sosai, domin akwai hatsari. Poisson da s biyu, kifi ne. Poison da s ɗaya, guba ce. Ingilishi ma haka suke rubuta guba. In ka ga wannan kalma mai s ɗaya a jikin kwalba ko gwangwanin maganin ƙwari, ka ajiye shi nesa da yara, nesa da abinci, kada kuma a zuba ruwan sha a cikinsa ko bayan ya ƙare.

A Hausa kuwa ba mu ninka baƙi don ado. In mun ninka shi, to, shadda ce, ana jin ta a baki, kuma tana sake ma'ana. Baba dabam, babba dabam. Mana dabam, manna dabam. Kala dabam, kalla dabam.

Ga shawara game da suna. In za ka cika takardar hukuma, ko ta jarrabawar yaro a lakkol, ko ta karɓar kuɗin da aka aiko maka, ka kwafi sunan harafi bayan harafi yadda yake a takardar haihuwa ko katin shaida. In an rubuta Chaïbou, kada ka mai da shi Sha'aibu don ka iya Hausa. Harafi ɗaya in ya saɓa, ma'aikaci na iya cewa mutum biyu ne, ka yi ta kai da kawowa tsakanin gida da ofis. Amma in wasiƙa za ka rubuta wa ɗan'uwanka da Hausa, to, rubuta shi da ƙa'idar Hausa.

BAƘAƘEN DA AKE RUBUTAWA BA A FAƊI

A Hausa abin da ka rubuta shi kake faɗi. A waɗancan harsuna biyu akwai baƙaƙe masu zaman kashe wando, ana ganin su ba a jin su.

A Faransanci ba a faɗin h. Hôpital, watau asibiti, da o ake fara shi. Baƙin ƙarshen kalma ma sau da yawa shiru yake yi. Riz, shinkafa, ri ake cewa. Lait, madara, le ake cewa. Prix, farashi, ba a faɗin x ɗinsa.

Ingilishi ya fi haka ruɗi. Haruffansa 26 ne, 21 baƙaƙe, amma muryoyin baƙaƙen da ke bakin masu harshen sun kai 24. Knife, wuƙa, ba a faɗin k ɗin farko, naif ake cewa. Write, rubuta, ba a faɗin w. Night, dare, ba a faɗin g da h, nait ake cewa. Amma a cough, tari, g da h ɗin nan f suka zama. Haka p da h in sun haɗu f ne, a Ingilishi da Faransanci duka. Shi ya sa pharmacie da kuke gani a ƙofar ɗakin sayar da magani, farmasi ake karanta ta.

Me ya kawo haka? Ba wauta ba ce, tarihi ne. A shekarar 1066 mutanen Normandi, daga arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi, marubutansu suka shigar da ƙa'idodin Faransanci cikin rubutun Ingilishi. A shekarar 1476 wani mutum mai suna William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila. A zamanin da, mutanen Ingila suna faɗin k na knife, suna kuma faɗin g da h na night da wata murya ta maƙogwaro. Baki ya ci gaba da sakewa, rubutu kuwa ya tsaya inda injin buga littafi ya kafe shi. Mu namu bokon bai daɗe ba, shi ya sa rubutu da faɗi ba su yi nisa da juna ba. Wannan sa'a ce gare ku, masu koyo.

BAƘAƘENSU DA BABU A BAKINMU

Kalmomin Hausa na asali ba su da p, da q, da v, da x. Biyu daga ciki, q da x, ba su da wuya: q muryar k yake yi, x kuwa yawanci k da s ne a haɗe. Amma p da v sai an koya.

In mun ari kalma mai p mukan mai da shi f. Daga nan muka sami famfo, fenti, fetur, fasinja, fasfo. In mai v ce mukan mai da shi b, kamar a direba da shebur. Ba laifi, sun zama Hausa, haka za ku rubuta su. Amma in harshen masu shi za ka yi, sai ka bambanta. Ga kalmomin Faransanci huɗu da baƙin farko kaɗai ya raba su a baki: pain, burodi, faim, yunwa, bain, wanka, vin, giya. Kun ga mai neman burodi, in bai lura ba, sai ya nemi abin da bai yi niyya ba.

Ga yadda ake yi. Don p, haɗa leɓɓa kamar za ka ce b, sa'an nan ka sake su ba tare da maƙogwaro ya yi rawa ba. Don v, ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ka bar maƙogwaro ya yi rawa. Ingilishi na da wata murya kuma da suke rubutawa th, wadda ake sa kan harshe tsakanin haƙora. Wanda ya yi tajwidi ya san ta, domin akwai irinta a Larabci.

Larabci ma da baƙaƙensa 28 haka muka yi masa tun kafin zuwan boko. Baƙin nan da malamai ke kira lodi, l muka mai da shi a alƙali, da alwala, da larura. Wanda ke fitowa daga maƙogwaro a sunan ranar Alhamis, da alheri, da hamsin, h muka mai da shi. Malaman ajami kuma da suka ga Larabci ba shi da ɗ, sai suka ba ɗa mai hannu wannan aiki, suka ƙara masa ɗigo uku ya zama ts. Su ma gyaran rigar aro suka yi.

BAƘAƘENMU DA BABU A NASU

Yanzu mun zo ga namu. Hausa na da muryoyin da babu su a Faransanci ko Ingilishi. Su ne ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, da ts. Huɗu na farko su ake kira masu ƙugiya.

Ku ɗora yatsa a maƙogwaro. Ku ce bari, sa'an nan ku ce ɓari. A na biyu za ku ji maƙogwaro ya yi ƙasa, kamar ana jan iska ciki. Ku ce kafa, sa'an nan ku ce ƙafa. A na biyu maƙogwaro ya rufe, ya tunkuɗo iskar da ƙarfi. Bature bai ji wannan bambanci ba, ko kuwa ya ji bai da harafin rubuta shi. Shi ya sa Maraɗi ta zama Maradi, Ƙonni ta zama Konni.

Ƙugiyar nan ba rana ɗaya aka same ta ba. A shekarar 1912 Hanns Vischer, Baturen da mutanen Kano suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko. A wancan zamani wasu na sa ɗigo ƙarƙashin baƙin, wasu na sa ɗan waƙafi a gefensa. Cikin shekarun 1930 aka koma ga ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta baza ta ko'ina. A shekarar 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan Hausa, da Zabarmanci, da Fillanci, da Tamajak, da Barbarci, da Mandinka. A Janairun 1980 aka sake zama a Yamai don rubutun Hausar Nijar da na Najeriya su zama ɗaya. A Oktoban 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasarmu ta fitar da dokar da ta tsai da haruffan. Ɗan bambancin da ya rage shi ne, abin da muke rubutawa ƴa, a Najeriya 'ya suke rubutawa. Murya ɗaya ce.

Kada wani ya ce ƙugiya ƙaramin abu ce. Ku dubi waɗannan: kasa da ƙasa, kaya da ƙaya, kare da ƙare, fada da faɗa, daka da ɗaka, baki da baƙi, saya da tsaya.

A ce wani ɗan Tabla yana ci-rani a Kano. Ya aiko wa ƙanensa jika goma ya kai wa mahaifiyarsu. Bayan kwana biyu sai maƙwabci ya aika masa da saƙo: ya bata kudin. To, me aka ce? In ya ba ta kuɗin ne, sai godiya. In kuwa ya ɓata kuɗin ne, watau ya kashe su a banza, to, zumunci ya shiga uku. Ƙugiya ɗaya da ƴar tazara ɗaya, su ke tsakanin albarka da rigima. Haka wanda ya rubuta na kare gona. Shinge ya yi mata, ko kuwa noman ya ƙare?

Saboda haka, in da hannu kake rubutu, ba ka da hujjar barin ƙugiya. Ka sa ta tun kana rubuta baƙin, kada ka ce sai ka gama. In salula ce, manyan wayoyin yanzu ana iya sa musu haruffan Hausa, ka nemi wani yaro ya nuna maka. In ƙarama ce marar ƙugiya, to, ka raba kalmomi da kyau, ka kuma ƙara kalmar da za ta kau da shakka. Ka ce ya miƙa mata kuɗin a hannu.

Akwai kuma tagwayen baƙaƙe, harafi biyu murya ɗaya: sh a shanu, ts a tsaba, kw a kwana, gw a gwani, ƙw a ƙwai, ky a kyau, gy a gyaɗa, ƙy a ƙyalle. Kada ku sa wasali a tsakaninsu. Sai hamza, ɗan waƙafin nan na sama, wanda ke nuna an ɗan datse murya: sa'a, jama'a, ma'aikaci. Shi ma baƙi ne, kada a manta da shi.

Mu faɗi gaskiya, rubutun Hausa ma bai kama kome da kome ba. Muna da r iri biyu a baki, harafi ɗaya a takarda. Bara mai yi wa sarki hidima, da bara ta almajiri, ku faɗe su ku ji. Harshe na karkarwa a na biyu, ba ya yi a na farko. Ma'anar zance ita ke nuna maka wanda ake nufi.

MAƘWABTANMU

A ƙasar Tagazar da Imanan da Tondikandiya ba Hausa kaɗai ake ji ba. Da yawanku kuna jin harshe biyu ko uku. Kowannensu da nasa baƙaƙen.

Zabarmanci ba shi da ɓ, ko ɗ, ko ƙ. Amma yana da ŋ, kamar a ŋwa, watau ci, da kuma ɲ, kamar a ɲa, watau uwa. Da wannan ɲ sunan babban birninmu ke farawa a bakin Zabarmawa. Faransawa suka rubuta Niamey, mu kuma da ba mu da shi muka ce Yamai.

Fillanci na da ɓ da ɗ da ƴ kamar mu, amma ba shi da ƙ. Ɓiɗɗo shi ne ɗa. Yana kuma da p, har baƙin farkon kalma kan sake in an yi jam'i: mutum ɗaya Pullo, da yawa Fulɓe.

Tamajak na da ɣ mai fitowa daga maƙogwaro, kamar a amɣar, watau dattijo ko shugaba, da baƙaƙe masu nauyi da ake sa wa ɗigo a ƙasa. Abzinawa kuma na da rubutunsu na gado, Tifinag, wanda a tsohuwar hanyarsa baƙaƙe ake rubutawa, mai karatu ya cika yawancin wasula da kansa.

Wanda ya iya karatun Hausa, baƙi kaɗan zai ƙara ya karanta waɗannan. Amfanin zaman Bamako ke nan.

HAUSAR KURFAI DA HAUSAR TAKARDA

Wani zai ce, malam, ni hwari nake cewa, ga shi littafi ya ce fari. Gaskiya ne. A Kurfai da Arewa da Adar, f ɗin littafi hw muke faɗinsa gaban a: hwari, hwata, hwaɗi. Gaban i ko u kuwa h ne: hita, tahi, lahiya, hura. Can gabas akwai masu faɗinsa kusa da p. An zaɓi f ya tsaya wa kowa. Ka ga f, ka faɗi yadda aka saba a gidanku, amma ka rubuta f.

Haka ts. Gaban i ko e, mutanen yamma kan faɗe shi kamar wani c mai ƙarfi. Shi Bature ya ji ya rubuta Dogondoutchi a madadin Dogon Dutsi. A Najeriya ma an daɗe ana rubuta garin Tsafe da Chafe.

Muna cewa zamna, da sabka, da ɗiya, inda littafi ya ce zauna, da sauka, da ƴa. Kada ku ji kunya. Masana harshe sun nuna cewa namu ne tsohon faɗi, na littafi daga baya ya fito. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma takarda tafiya take yi. Wasiƙar da aka rubuta a Tabla, ana so a karanta ta a Damagaram, da Agadas, da Kano, ba tare da an nemi tafinta ba. Don haka ake bin ƙa'ida ɗaya a rubutu.

ABIN DA ZA A RIƘE

Na ɗaya, kafin ka karanta takarda, ka fara sanin da wane harshe aka rubuta ta. In ka ga ƙugiya, Hausa ce ko Fillanci. In ka ga ou da é da yawa, Faransanci ne. In ka ga the da and suna ta dawowa, Ingilishi ne.

Na biyu, kada ka karanta takardar magani ko ta bashi da muryar Hausa in ba da Hausa aka rubuta ta ba. In ba ka gane ba, ka tambayi likita ko malamin ajinku kafin ka sha, ko kafin ka sa hannu. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, in Hausa kake rubutawa, ka bi ƙa'idar Hausa: c ba tch ba, sh ba ch ba, w ba ou ba, kuma kowace ƙugiya a wurinta.

AIKIN GIDA

Ku mai da waɗannan sunaye zuwa rubutun Hausa: Aïchatou, Salissou, Djibrilla, Tchadoua, Maradi.

Ku sa ƙugiya inda ta dace: Dan makwabcinmu ya dauki kudi ya sayo kwai hudu.

Ku yi jimla biyu, ɗaya da kaya, ɗaya da ƙaya.

Wanda ya je kasuwa ranar Lahadi ya kwafo kalma uku daga jikin buhu ko kwali, ya kawo aji, ku zauna da malaminku ku gano harshen kowace. Wanda ya riga ya gane ya taimaki na kusa da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

A darasi mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki wasula, dogo da gajere, mu ga abin da ya raba gari na zama da garin tuwo.